Reshen Lemo a Jikin Mangwaro

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Wai na tsufa. Likitar nan mai tabarau, wadda ko Autana ya girme ta, ta dubi tsabar idona ta ce, "Baba, ba ma karɓar ƙoda daga mai shekara saba'in da uku." Na ce mata jiya da hannun nan na sauke buhun taki goma sha ɗaya daga mota. Ta yi mini murmushi irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali.

Barkono ce a kwance. 'Yata. Bakinta ya jawo mata sunan tun tana rarrafe. Wata takwas ke nan ana yi mata wankin ƙoda, sau uku a mako, inji ya zuƙe jininta ya maido mata. Yanzu sun ce jijiyoyin hannunta sun gaji da allura, sai an sa mata ƙodar wani. An ɗebi jinin yayanta, wanda nake kira Mai Lissafi, don lissafi yake koyarwa a sakandare kuma da lissafi yake magana har a kan tabarmar cin abinci. An ɗebi na Auta. An ɗebi na mijinta. Ni ubanta aka nuna mini benci.

Ban zauna ba. Na tsaya a ƙofar ɗakin ɗibar jini, na naɗe hannun riga, na ce ba mai wucewa. Sai da layi ya kai matakala. Barkono tana kan keken marasa lafiya tana cewa, "Don Allah ku ɗiba mu huta, tsohon nan sai ya kai gobe a tsaye." Suka ɗiba. Kwalba biyu.

Ita ta koya mini rubutun nan tana aji uku, a bayan kwalin sabulu, tana ƙwala mini fensir a yatsa. Ban taɓa zama a aji ba. Littafin nan ma ita ta saya mini don in riƙa rubuta sunayen iri. Shekara shida ban sa masa komai ba, don duk bishiyar da ke lambuna na san uwarta da kakarta a kaina. Yau na buɗe shi, don in ban faɗa wa takarda ba mutum zan faɗa wa, kuma a yi rigima.

Laraba, 5 ga wata, bayan la'asar

Mangwaro arba'in na yi wa aure yau. Hannuna bai yi rawa ba ko sau ɗaya, a je a gaya wa mai tabarau.

Abin da za su yi wa Barkono aikina ne, da sun tambaye ni da na koya musu. Ka yanko reshe daga bishiya mai daɗi, ka tsaga jikin wata mai ƙarfin saiwa, ka saka, ɓawo ya haɗu da ɓawo, ka ɗaure da leda, ka jira. Shekara hamsin ina yi.

Mai Lissafi ya kira a waya, wai in daina tayar wa ma'aikata hankali. Na ce ya zo ya hana ni.

Nono ɗaya suka sha su ukun. Uwarsu, Allah ya jiƙanta, shekara biyu cur ta shayar da Barkono har ta rame kamar sanda. Tukunya ɗaya, rijiya ɗaya, ƙyanda ma tare suka yi. Abin da ya shekara arba'in da ɗaya yana shiga jikin mutum, ina zai tafi in ba jini ba? Nawa zai dace. In sha Allahu nawa zai dace, su ji kunya.

Juma'a, 7 ga wata, bayan an sauko

Sakamako ya fito.

Likita ta zaunar da ni da Mai Lissafi, ta baza takardu. Ta ce kowane mutum yana da alamomi shida a jininsa, su ake dubawa. Mai Lissafi da Barkono ba su haɗa ko ɗaya ba. Auta ma haka. Mijinta ma haka, amma shi ba wanda ya yi tsammani.

Na ce to a sa hakanan mana, ƙoda ai ƙoda ce.

Ta ce, "Baba, ka san yadda rini ke kama farin ƙyalle amma ya ƙi kama leda? Kowane abu da abin da yake kamawa. Jinin 'yarka ya koyi faɗa. Haihuwa huɗu, ƙarin jini sau tara. Akwai abin da ke yawo a cikinsa, da ya ji baƙo sai ya manne masa ya kashe. Mun haɗa ɗigon nata da na kowannensu a faranti, duka ya kashe. Wanda zai bari sai wanda alamominsu suka zo ɗaya. Shi ya sa muke neman 'yan'uwa na ciki ɗaya."

Sai ta ce Mai Lissafi ya ba mu wuri. Ya fita, amma takardun sun riga sun wuce ta gaban idonsa, kuma yaron nan lamba ba ta wuce shi.

Ta cire tabarau. Ta yi magana a hankali kamar mai yi wa mara lafiya. Ta ce uba dole ya haɗa uku da ɗansa, ba a fashi. Ta faɗi nawa muka haɗa. Ta ce ba aikinta ba ne ta shiga sirrin gida, amma in akwai wani a wani wuri da ya kamata a gwada, lokaci ba ya wajenmu.

Na ce mata injinta ne ya lalace. Na ce ta wanke farantinta. Na manta hulata a kan teburinta, ban koma ba.

Asabar, 8 ga wata, da asuba

Ƙarya takarda take yi. 'Yata ce.

Lahadi, 9 ga wata, da yamma

Mai Lissafi ya zo har lambu, da takalminsa mai sheƙi, yana tsallake taɓo. Ina ban ruwa. Ya tsaya yana juya makullin babur a yatsa, ya kasa dubana.

"Baba, na ga takardar."

Na ce to ka gani.

"Ba ka haɗa komai da ita ba. Ni da Auta uku-uku muka haɗa da kai." Ya sa makullin a aljihu. "Inna ta taɓa... kafin a haife ta, akwai lokacin da ba ka gida?"

Gwangwanin ban ruwa ne a hannuna, shi ya samu. A kafaɗa. Da fartanya ce da yanzu wata maganar ake yi. Matar da ta goya shi ta tsallaka kogi da shi ruwa har ƙirji, ita yake tambaya a kanta da wannan bakin. Na ce in ya sake ambaton ta haka, kada ya zo jana'izata.

Bai gudu ba, na ba shi wannan. Yana tsaye rigarsa sharkaf ya ce, "To ka faɗa mini yadda aka yi. Ƙanwata tana mutuwa, kai kana faɗa da takarda. Kai ka koya mini ina yaro cewa lemo ba ya kama jikin mangwaro komai ɗaurin da ka yi masa."

Na ce wa ya gaya maka?

"Kai."

Na zaro wuƙata. A gabansa na yanko reshen lemun tsami mai ido uku, na tsaga ƙaramin mangwaro mai lafiya, na fere, na saka, na ɗaure tam. Na kife masa leda, na kai shi inuwar rumfa. Na ce ka dawo bayan mako biyu ka ga abin da hannu da kulawa ke yi, Malam Mai Lissafi.

Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba," ya tafi. Wannan addu'ar ta fi zagi ciwo.

Talata, 11 ga wata, da azahar

Na je wajen Barkono. Ɗakin wanki gado takwas, injina suna ƙara kamar firji. Ƙafafunta sun kumbura, zoben hannunta an yanke shi.

Bakin dai yana nan. "Baba, an ce ka yi wa Yaya wanka a lambu. Da sabulu ko hakanan?"

Na ce datti ne ya yi masa yawa.

"Me ya yi?"

Na ce lissafi.

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ba su gaya mata komai ba sai cewa ba a dace ba. Ta ce, "Ka ga 'yan'uwan nan nawa, ko jininsu rowa gare shi." Sannan ta kama hannuna ta ce in ba a samu ba, in riƙa zuwa ina duba ƙaramarta, don ubanta ba ya iya ce mata a'a. Na ce ta rufe mini baki. Ta ce ba ta iya ba, ni na sa mata sunan.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Reshen kore shar. Kwana huɗu.

Asabar, 15 ga wata, bayan la'asar

Ya dawo, wannan karon da silifa. Ya durƙusa a bakin rumfa, ya ce in yafe masa abin da ya faɗa a kan uwarsa. Na ce ita zai roƙa, ya san inda take kwance.

Sai ya ciro takarda mai layi-layi, ya zana akwatuna. Wai kwana biyar yana kanta.

"Baba, kowa uku daga uba, uku daga uwa. In ka cire naka, sauran ukun nawa na Inna ne, sauran ukun Auta ma nata ne. Nawa da nasa ba iri ɗaya ba ne, ke nan mu biyu mun kwashe duka shidan Inna. Ga su na jera. Barkono ba ta da ko ɗaya a ciki." Ya ɗora biro a kan akwatin ƙarshe. "Inna ba ta yi komai ba. Amma ba ita ta haife ta ba."

Ka ji fa. Matar da ta shekara tara a ƙasa, yaro ya tono jininta da biro.

"Da a asibiti aka haife ta sai in ce musanya aka yi. A gida aka haife ta, kai ka sha faɗa mana, da damina, hanya a yanke. Baba, 'yar wa ce? Tana da wani?"

Na ce 'yata ce. Na ce ya duba reshen can, ya ga ko ya bushe. Ya duba, ya dube ni, ya ninke takardarsa.

Duk dangin nan, wa ake aiko wa in za a yi aure a ji ko akwai nono tsakani? Ni. Wa ya san wanda ya haifi wane har kaka bakwai? Ni. Yau ɗan da na haifa zai koya mini dangantaka da akwatuna.

Litinin, 17 ga wata, da azahar

Na kai wando faci layin bayan tasha. Bai yage ba, ni na yaga shi da ƙusa.

Mai Ɗinki tana nan a shagonta, keke yana ta surutu, zare a baki. Shekara goma sha tara nake kai mata kaya. Dashen lemon da na ba ta ya fi rufin shagon tsayi. Ta ce, "Baba mai dashe, kai dai wandunanka da ƙaya suke kokawa." Ta tambayi jikin 'yata, ta ce kullum tana sa ta a addu'a duk da ba ta taɓa ganinta ba.

Da hagu take riƙe almakashi. In za ta yi dariya sai ta fara rufe ido ɗaya.

Na zauna har ta gama. Na buɗe baki sau biyu. Na ce zafi ya yi yawa bana. Na karɓi wandona na taho.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Kwana goma, reshen bai bushe ba. Ido ɗaya ma kamar ya kumbura. Na aika Auta ya gaya wa yayansa.

Auta ya dawo da wani labarin. Jijiyar hannun Barkono ta toshe ana cikin wanki. Sun huda mata wuya sun sa roba. Likita ta ce wannan ba ta daɗewa.

Ba wanda ya zo kallon reshen.

Juma'a, 21 ga wata, da asuba

Zazzaɓi ya kama ta ta wajen robar. Ba ta gane mijinta ba jiya.

Ke kuma uwar yara, kin sa ni na rantse, kin yi tafiyarki lahira kin bar ni da rantsuwar. Kin kyauta.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Na kwance ledar. Ban ja ba, taɓawa kawai na yi, ya faɗo a hannuna. Sama kore, ƙasa baƙi, yana wari. Mangwaron ya warke abinsa ta ciki, ya rufe tsagar, kamar ba a taɓa kawo masa kowa ba.

Na sani. Tun ranar da na ɗaure na sani. Reshe yakan rayu mako biyu da ruwan jikinsa, yaran da nake koya wa aiki ma sun san wannan. Kuma na san bishiyar da aka yi wa aure, ko ta shekara arba'in, sama tana nan yadda aka yanko ta, saiwa tana nan yadda take. Tana ciyar da ita, tana ɗauke da ita, ba ta mai da ita irinta. Mako biyu na ɓata ina gadin itace, yarinya tana kumbura.

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda gobe sai na faɗa da baki.

Muna zaune a ɗakunan ma'aikatan wata babbar gona. Damina ta cinye gada, yawancin mutane sun tafi garuruwansu. Matata ta haifi mace, ta kwana biyu ta koma. Na binne ta da hannuna a gindin tsamiya. Matata ta daina magana, nono yana zuba yana jiƙa mata zane. Kwana uku bayan haka, matar ɗakin ƙarshe, mai cire ciyawa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ciki da yarinya 'yar shekara biyar, ta haihu. Jini bai tsaya ba. Ungozoma ta ɗauko jaririyar ta ɗora wa matata a ƙirji, don kawai kada ta bi uwarta. Matata ta buɗe baki a ranar.

Da ruwa ya janye, gwaggon yaran ta zo daga nesa. Matata ta shige ɗaki da jaririyar ta sa sakata. Ni na tsaya a ƙofa. Na ce wa baiwar Allah uwa da jaririya duk sun tafi. Na kai ta gindin tsamiya na nuna mata kabarin tawa. Ta yi kuka a kai, ta kama hannun babbar suka tafi. Wata biyu muka bar gonar. Mai Lissafi yana shekara uku, bai san komai ba. Ungozoma ta rasu da bakinta a rufe.

Babbar ban taɓa barin ta ta ɓace mini ba. Na san inda aka kai ta, na san wanda ta aura, na san ranar da ta buɗe shago a bayan tasha.

Litinin, 24 ga wata, bayan azahar

Na koma shagon Mai Ɗinki, wannan karon ba wandon faci a hannuna.

Na ce ta tsayar da keken. Na faɗa a tsaye, daga gada har tsamiya. Ba ta katse ni ba. Zaren yana bakinta har na gama, sannan ta cire shi ta ajiye a hankali.

"Shekara nawa kana zuwa shagon nan?"

Na ce goma sha tara.

"Na taɓa gaya maka ba ni da kowa a duniya, ko ban gaya maka ba? Ranar da gwaggona ta rasu, a kan bencin nan kake. Na ce maka da ƙanwata ta rayu da yanzu ina da wadda zan yi kuka da ita. Me ka ce mini?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Ka ce in yi haƙuri. Ka kawo mini lemo." Ta miƙe. "Duk shekara sai na yi mata sadaka. Ashe tana bayan kasuwa tana haihuwa, ana suna, ba ni. Yau da kuke son a yanka ni a ciro muku abu, yau na zama 'yar'uwa?"

Na ce ba don ni ba.

"Ai ba don kai ba. Fita mini daga shago, tsoho. Fita kafin in manta da furfurarka."

Maƙwabta sun leƙo. Na fita. Duk abin da ta faɗa daidai ne, shi ya sa nake jin kamar in fasa wani abu.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Zazzaɓin ya sauka, ta dawo hayyacinta. Na ce kowa ya fita, Mai Lissafi ya ce shi ba inda za shi. Na faɗa a gabansa.

Na yi zaton za ta zage ni. Na shirya wa zagi, na san irin nata. Zagin bai zo ba. Ta daɗe tana kallon silin. Sannan ta ce, "Tana raye? A garin nan?" Na ce e. "Kuma ka sani tun ranar da aka fara sa mini allura?" Na ce e.

Ta juya ga yayanta. "Yaya, ka ce wa mutumin nan ya fita."

Mutumin nan.

Alhamis, 27 ga wata, da hantsi

Bencin da na ƙi zama a kai ranar farko, yau kwana biyu ina kansa. Ƙafa ɗaya gajera ce, yana rawa. Asibiti guda an rasa mai sa masa ɗan katako.

Wajen ƙarfe tara sai ga Mai Ɗinki, da jakarta a hammata. Ta wuce ni kamar bango. Ta tambayi ma'aikaciya, "Ina ake ɗibar jini? Kuma ina ɗakin ƙanwata?" Da ƙarfi ta faɗa, don in ji.

Ta shiga. An rufe ƙofa. Na ji kuka, na ji shiru, can kuma na ji dariya biyu iri ɗaya. Na tashi na je na gyara wa masu shara tukwanen furensu, duk sun cika su da ruwa za su kashe su.

Litinin, 31 ga wata, bayan la'asar

Ba a kira ni ba. Na sa wa bencin katako.

Alhamis, 3 ga sabon wata, da azahar

Shida cikin shida. An haɗa a faranti, jinin Barkono ya kwanta lumui, bai taɓa ko ɗaya ba.

Mai Lissafi ne ya fito ya gaya mini, yana share ido yana cewa, "Baba, ɗaya cikin huɗu ne fa. Ko 'yan ciki ɗaya, ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa haka." Na ce ya yi wa Allah godiya ya bar ƙirga masa kyauta. Ya rungume ni a gaban mutane, ƙaton banza.

Likita ta wuce, ta miƙo mini hulata. Wata guda tana cikin durowarta. Ta ce Talata za a yi aikin. Ta ce da an zo da wuri da ba a huda wuyan ba. Ba sai ta faɗa ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina ciyar da ita, jininta ya ga nawa ya kashe. Matar da ta sani kwana bakwai, ya buɗe mata ƙofa. Na gode wa Allah, na gode, na gode. Amma ina jin haushi, kuma ban san wa zan kai wa ba.

Lahadi, 6 ga sabon wata, da yamma

Auta ya leƙo ya ce ana kira na. Na ce wa? Ya ce su.

An kwantar da su ɗaki ɗaya, gado biyu. Ba wadda ta gaishe ni. Mai Ɗinki ta ciro littafin da take rubuta awon mutane, ta buɗe bayansa, ta riƙe biro da hagu.

Barkono ta yi magana tana kallon taga. "Yaya ba ta tuna komai sai koren zane mai warin hayaƙi. Hoto babu. Gwaggo ta rasu. An ce kai ne ba ka mantuwa. To faɗa mana uwarmu. Duka. In ka rage ko ɗaya, Allah yana gani."

Na ja kujera. Ba a ce in zauna ba, na zauna.

Na ce doguwa ce, baƙa, mai wushirya. Da hagu take riƙe lauje, sai da maƙeri ya yi mata nata daban. In tana cire ciyawa waƙa take yi, muryar ba daɗi, kuma ba ta yarda a gaya mata. Na ce ta taɓa tsare shugaban leburori a gaban kowa don ya zagi wata tsohuwa, ta wanke shi tas har ya cire hula ya ba da haƙuri. Maciji ba ya ba ta tsoro, da fartanya take bin sa, amma in ta ga kwaɗo sai ta hau turmi tana ihu, da cikinta da komai. Na ce ranar da aka kawo gawar mijinta ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai ta shiga gonar masara. Na ce tana yi wa babbar kitso tana ba ta labarin ƙarya don ta zauna, wai akwai kifi mai takalmi a kogin. Na ce ta ga jaririyar kafin ta cika, ta taɓa kunnenta, ta ce na ubanta ne.

Abin yana ta fitowa, ban san na ajiye da yawa haka ba. Maƙogwarona ya bushe, ban tsaya ba, don ina tsoron in na tsaya za a ce in fita.

"Baba, a hankali mana!" in ji Barkono. "Kana zuba kamar famfo, Yaya ko na kwaɗon ba ta gama rubutawa ba."

Baba ta ce. Ita ma ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta ja mayafi, ta juya fuska bango.

Mai Ɗinki ta dube ta, ta dube ni, ta gyara riƙon biro.

"Daga turmi," ta ce. "Maimaita."

Na maimaita daga turmi, a hankali.